Injin da Ya Daina Ƙara

Sadova, 4 ga Maris

Zuwa ga matata Veturia,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya ruwan Padova, ya kuma jikin tsohuwar da kike jinya? Allah ya ƙara miki haƙuri da ita. Mu nan lafiya lau, ƙanƙara ta fara narkewa, saniyarki kuma tana nan tana cin ciyawa kamar ita ta nomo ta.

Saƙonki ya iso ta bakin ƙanwarki Aspazia. Ta ce kin ce wata uku ke nan ba na ɗaukar waya, in na ɗauka ma sai "to, to" in kashe, don haka in abin ya kai na gaji da ke ne, za ki sa hannu a takardar ƙarin shekara guda a wurin aikinki a ƙarshen watan nan, ba za ki zo gida bikin Ista ba. Maganar nan ta taɓa ni, Veturia. Shekara talatin da ɗaya ban gaji da ke ba, sai yanzu da furfura ta gama cin kaina? Wayar ce ta lalace, murya tana fitowa kamar daga cikin rijiya. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ba wayar kaɗai ba ce ma. Injina na ɗaure sukuru, mai batir ɗin nan da kika saya mini shekarar da muka yi wa ɗakin girki rufi, shi ma ya tsufa. Kin san yadda yake aiki, yana juya sukuru, in ya ji tauri sai ya fara bugu, ta-ta-ta. In kan sukurun ya zauna daidai da katako sai bugun ya canza murya, ni kuma in saki yatsa. Da kunne nake wannan aiki, ko kallo ba na yi. To yanzu ya daina canza muryar, sai wani gunaguni yake yi ƙasa-ƙasa. A barandar masaukin baƙin da muke ginawa ni da abokin aikina Costan, allo uku na tsaga a yini guda, wasu sukurorin kuma sun nutse har ba a ganin kansu. Costan ya karɓa ya gwada, ya ce lafiyar injin ƙalau. Shi dai kin san shi, ko mushe aka ba shi kyauta zai ce yana numfashi.

Asabar za mu shiga garin Câmpulung in zaɓi sabo. Don Allah kar ki sa hannu a komai tukuna.

Ki huta lafiya. Mijinki,
Ilarie

Sadova, 10 ga Maris

Veturia tawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, ina fata ciwon bayan da Aspazia ta ce kina fama da shi ya yi sauƙi. Ki daina ɗaga tsohuwar nan ke kaɗai.

Mun je gari, mun dawo hannu biyu. Bari in ba ki labari, don raina a ɓace yake har yanzu.

Shagon Aurica muka je, matar marigayi Pintilie, wadda ta fi mazan garin nan sanin kayan aiki. Ta fito mana da guda uku, ta kai mu bayan shago inda take da wani tsohon gungume na gwaji. Na farkon ƙato ne, na masu gina gada, in na ɗaga shi sama da kai daga safe zuwa yamma kafaɗata ba za ta kai Laraba ba. Na biyun batirinsa ya zo ɗaya da na zartona da na injin huda, kin ga ba sai na riƙa yawo da caja iri biyu ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai aiki a saman dutse inda babu wuta. Na ukun gajeren kai gare shi, zai shiga lungun kabad, yana da gudu hawa uku, sannan wai in sukuru ya zauna shi da kansa yake tsayawa. Wannan dariya na yi masa. Na ce wa Aurica ni ba ɗan koyo ba ne da inji zai gaya mini inda zan tsaya.

Na gwada su ɗaya bayan ɗaya, kuma wallahi duk bebaye ne. Na ce mata, "Aurica, injinan zamanin nan ba su ci abinci ba ne? Ba ki da mai ƙara irin na da?" Ina ɗagowa na ga ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, karenta kuma ya shige ƙarƙashin mota. Ta dube ni, ta dubi Costan. Shi kuma ya zagayo gabana, ya kafe ni da ido, ya buɗe baki kamar mai kiran shanu ya ce, "Kai tsohon banza, ka bar jaki kana dukan taiki! Mu tafi gida."

A gaban mace, Veturia, kuma a cikin shago! Shekara ashirin muna hawa rufi tare bai taɓa yi mini tsawa ba. A mota ban kula shi ba, ko da yake ina ganin bakinsa yana ta motsi har muka iso. Tuwon masarar nan, mamaliga, da cuku da matarsa ta aiko mini da yamma ma ban taɓa ba, sai da safe yunwa ta sa na sauko.

Na ga kiranki biyu ranar Lahadi. Ina wajen saniya ne. Ki ƙara mini haƙuri kaɗan.

Naki har kullum,
Ilarie

Sadova, 19 ga Maris

Zuwa ga Veturia, uwar gidana,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi laifi. Ina fata kina lafiya, kina cin abinci, kina samun barci. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Ba na wajen saniya ranar Lahadin nan da kika kira. Ina zaune wayar tana gabana a kan tebur, ina kallon sunanki yana haske har ya mutu, sau biyu. Wayar lafiyarta ƙalau. Tsohon injin ma lafiyarsa ƙalau. Ni ne ba na ji.

Ranar Litinin Costan ya zo wajen aiki, ya zaunar da ni a kan tarin katako ya zauna daf da ni. Ya ce a bayan shagon Aurica, ina gwada inji na biyu, na saki yatsa wuri ya yi tsit, shi kuma yana tsaye a bayana taku biyu ya kira sunana sau uku. Da ban juya ba sai ya ce, "Ilarie, na sayar da saniyar matarka na sha giya da kuɗin." Ya ce ko gezau ban yi ba. Sannan ya nuna mini bayan rumfa, inda ya ɓoye allunan da na tsaga tun watan Disamba. Ni uku na sani, na ƙirga goma sha bakwai. Ashe in na tafi cin abincin rana yake bi yana cirewa yana sa wasu. Ya ce, "Na gaji da yi maka wanki a ɓoye, ɗan'uwa. Ni ma bayana ba na ƙarfe ba ne." Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Gaskiya na daɗe da sani, ƙi na yi. Tun kaka na lura ƙararrawar coci ta yi nisa, na ce iska ce ta juya. Muryarki kuwa ita ta fara tafiya, don siririya ce, likitan da Costan ya kai ni wurinsa a Suceava ya ce irin waɗannan su ke fara ɓacewa. Ya ce shekarun da na yi a injin yankan katako kunne a buɗe su ne suka biyo ni. Na hagu ya kusa ƙarewa, na dama da saura. Za a yi mini ɗan abin sawa a kunne bayan Ista, zai taimaka amma ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Abin da ya hana ni gaya miki, tsoro ne. Kina can kina wanke tsohuwar wasu kina ɗaga ta, sai na ga kamar in kika ji za ki ce ga wani majinyacin yana jiran ki a gida. Na gwammace ki ɗauke ni mai wulaƙanci da ki ɗauke ni kaya. Wauta ce, na sani, ta kusa sa in rasa ki shekara guda.

Jiya na koma wurin Aurica ni kaɗai. Na ɗauki na ukun nan da na yi wa dariya, mai tsayawa da kansa. Batirinsa bai zo ɗaya da nawa ba, zan yi ta yawo da caja biyu, na haƙura. Ta sa mini shi a kwali ta ɗora abin toshe kunne a kai, ta matso ta ce, "Wannan kyauta ce, ka tsare ɗan abin da ya rage." Yau na ɗaure alluna arba'in a baranda ban tsaga ko ɗaya ba. Na sa shi a gudu na biyu, ina kallon kan sukurun da ido, ina kuma jin bugun a tafin hannuna. Ba ni da sauri kamar da, Costan yana ta tsokana wai kunkuru ya samu sabon inji, amma da rana ya zauna ya ci abincinsa har ƙarshe.

Maganar takarda tana hannunki. In aikin ne kike so ki ƙara shekara, ban hana ki ba, amma kar ki sa hannu don kina zaton na gaji da ke. Ina kewarki fiye da yadda biro zai iya faɗa.

Ki kira ni ranar Lahadi bayan coci, zan ɗauka. Wataƙila rabin abin da za ki faɗa ba zan ji ba. Ki yi ta maganarki dai a hankali, in kika tambaye ni lafiyar saniya na ce miki ranar Talata, ki yi dariyarki, amma don Allah kar ki kashe.

Allah ya tsare mini ke, ya dawo da ke lafiya.

Mijinki mai ƙaunarki,
Ilarie Cojocar