Ekar Bakin Kanal da Karatun Salim

Da sunan Allah. Ni Uba Suhaibu, manomin shinkafa a Bunkure, na rubuta wannan ƙafafuna a kumbure amma hankalina garau, kada wani ya ce ciwo ne ya yi magana.

1. Gida da gonaki a raba su yadda shari'a ta ce. Injin ban-ruwa a saka shi cikin rabon babbanku Usaini, shi kaɗai ya san halinsa.

2. Ekar nan ta bakin kanal ɗin ban-ruwa na ba da ita haya shekara biyu. Da kuɗin na biya wa autanku Salim makarantar koyon ƙera sassan inji a Kano, har da ɗaki da kayan awo. Na yi haka da raina, a gaban liman, tunda ba a yi wa magaji wasiyya. Ƙasar za ta dawo muku.

Ni na fara ƙi, ban manta ba. Da Salim ya kawo maganar, awon manomi na yi mata: abin da ka zuba a rani, wata huɗu ka gan shi a buhu. Koyon walda da na so ya yi wata shida ne, bai kai buhu biyar ba. Wannan kuwa shekara biyu, kusan buhu arba'in, yaro bai kawo ko sisi ba. Na ce a'a, Usaini ya goya mini baya, har yau shi da Salim ba sa cin kwano ɗaya.

Sai ga kakar bara, injin casar da muke kai wa shinkafa a Kura ya tsaya kwana goma sha tara, saboda wani ƙarfe da bai wuce babban yatsana ba. Masu walda uku suka liƙa, yana karyewa. Muna zaune kan buhuna, farashi yana sauka. Daga ƙarshe aka kira wani mai ƙera sassan inji daga Kano, ya auna, ya je ya sassaƙo sabo. Ladansa na yini biyu ya fi ribata ta eka guda. Na tsare shi da tambaya a kan sana'ar. Bai yi mini daɗin baki ba, ya ce shekarun farko akwai wuya, amma masu iya aikin ba su da yawa. Ranar na ji kunya.

3. Usaini, ra'ayina ka ɗauka, ni kuma na sauke shi. Kada ka ci gaba da dakonsa a madadina. Ka yi ne don tsoron asara, kuma ban ga laifinka ba.

4. Salim, hayar nan abincin 'yan'uwanka ce. Yayarka Mansura ta yafe nata tun ban tambaya ba. Kada ka dawo musu da rabin sana'a.

Tun ranar da na biya kuɗin nan zuciyata ta yi sanyi, ban bar gyaran kuskurena a wuyan kowa ba. Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku. Ku riƙe mahaifiyarku Indo, ku riƙe juna. Ranar da Salim zai tafi, in ba na nan, Usaini ne zai kai shi tasha.