Na Sauke Surukina Daga Shugabancin Kamfaninsa

Malam, ka taimake ni da shawara, na rasa yadda zan yi.

Surukina tsohon ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne. Tun da ya yi ritaya sai zaman falo da rediyo. Ni na koya masa wani tsohon wasan kwamfuta, wanda kowa ke kafa kamfanin jirgin ƙasa, ya shimfiɗa layin dogo, yana saye da sayar da hannun jari. Duk Asabar muna bugawa a teburin cin abincinsa. Da ko ido ba na iya haɗawa da shi, amma wasan nan ya sa har tsokanata yake, yana kirana ɗan kwandasta.

Shi layi kawai ya sani. Kasuwar hannun jari kuwa ya ce caca ce, ko kallonta ba ya yi. Da na ga darajar kamfaninsa tana faɗuwa, sai na riƙa sayen hannun jarinsa a ɓoye don in tallafe shi. Ashe na wuce rabi. Kwamfuta ta sanar an sauke shi, an ɗora ni. Ya cire tabarau, ya ce lokacin shan maganinsa ya yi. Tun ranar, in na je sai a ce yana hutawa. Na aiki matata ta bayyana masa taimako na nufa, abin ya ƙara dagulewa.

Suruki Mai Nadama

Ɗan kwandasta, na karanta tarihin juyin mulki iri-iri, amma naka ne na farko da tausayi ya haddasa.

Niyyarka ba ta da aibu, kuma shi ma da nasa laifin: wanda ya shiga kasuwa ido rufe, ba ya kuka da ciniki. Sai dai ka tuna ritaya ta taɓa raba shi da tasha ta gaske. Duk da haka kaye zai iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne saƙon da ka aika, domin ya nuna masa cewa shi yana ganin ya samu abokin karawa, kai kuwa jinyarsa kake yi.

Ka bar matarka ta huta, ba ita ta sayi hannun jarin ba. Ɗauki kwamfutar ka je da kanka, ka gaishe shi yadda ya kamata, kada kalmar taimako ta sake fita daga bakinka. Roƙe shi a fara sabon wasa, ka nuna masa yadda ake tsare kamfani, sannan ka sanar da shi cikin ladabi cewa ba sassauci. Kada ka bar masa nasara da gangan, tsoho yana ganewa.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya kuma rufa maka asiri ranar da ya koyi kasuwar.