Man gyaɗa a ƙafar keken Baba

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya sanyin wurinku? Ya Hajara da yara? Mu nan Tasawa lafiya lau, sai kewarku.

Keken lantarkin da ka aiko wa Baba ya tsaya ranar Laraba, amma kada hankalinka ya tashi. Kullum ina goge shi da busasshen tsumma, ina sa wa batirin wuta cikin inuwa, ba na barin ruwa ya taɓa shi. Ashe da Baba ya ji ƙafar tana ƙara, sai ya shafa mata man gyaɗa da wani tsumma, yadda yake yi wa sikelinsa zamanin da yake awon gyaɗa. Rairayi ya manne, ƙafar ta cije. Mai gyara ya wanke ta, ya ce man inji kawai, shi ma ɗigo.

Ina ta faɗa, Baba bai ma ji ni ba. Yana shinshina yatsunsa, idonsa na can nesa. Wai yana ganin buhuna har sama, raƙuman garin Mayahi suna durƙusawa, marigayiya Inna da ƙuruciyarta tana kawo mishi fura. Jiya ya tuƙa kansa har tsohon filin awon. Ba kowa sai awaki, amma ya daɗe yana gaida mutane da sunansu.

Na ɓoye kwalbar man gyaɗar, Yaya. Tsumman da ya sha man kuwa na bar mishi a aljihu.

Ka sa shi a addu'a, ka gaida mutanen gidan duka.

Ƙanwarka,
Rabi