Gonar Albasa ta Bakin Ruwa

Daren Laraba, Yelwa

Barci ya ƙi zuwa. Bana mijina Malam zai yi ritaya daga koyarwa, mun yi da shi za mu zauna mu tsara abin da za mu bar wa 'ya'yanmu mata. Yau sai ga liman da shaidu a zaure. Ashe gonar albasarmu ya ba ƙanensa kyauta, don kada ta shiga gado. Gonar da na sayar da saniyar da Inna ta bar mini muka saya!

Da na tambaye shi, ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Hajiya, mata ai aure ke kwashe su."

Ni kuwa da hannuna na yi wa shaidun nan farfesun kifi, har da ƙari na aika musu.