Gazuwal a butar alwala

Assalamu alaikum. Admin a sakaya sunana. Jama'a don Allah shawararku nake nema, raina a ɓace yake.

Tun da 'yata ta fara tafiya nake cikin fargaba, yarinya ce da duk abin da ta gani sai ta kai baki, har gawayi na sha ƙwacewa a hannunta. Ana haka maigidana ya sa aka turo tsohuwar mota fijo kat-san-kat (404) ta marigayi babansa cikin gidanmu a Zongo, wadda marigayin ya yi fataucin goro da ita. Garejin abokinsa na unguwar Koulouba, inda motar take ajiye, an rushe shi, wai a gida zai sauke injin ya sake haɗa shi da hannunsa, alhali shi ba makanike ba ne, yadi yake sayarwa a kasuwa.

Tsakar gida ya koma gareji, ƙarafa a kan tabarma, baƙin mai har bakin murhu. Sai na lura gazuwal ɗin, wato man dizal da yake wanke ƙarafa da shi, a buta yake zuba shi, wai bakinta ya fi daɗin tsiyaya, kuma irin butocinmu na alwala ce sak. Na ce ya sake mazubi, yarinya a bakin buta take shan ruwa, ya ce na cika tsoro, ai a ƙarƙashin mota yake ajiyewa. To ina ne yaro ba ya shiga?

Ranar Juma'a ina kwasar tuwo na ji tari, na waiga na gan ta da butar, bakinta duk wari. Surukata Hajiya ta ɗura mata madara wai ta yi amai. Da muka je dispanser, ƙaramin asibitin unguwa, ma'aikaciyar ta yi min faɗa a gaban mutane, ta ce aman ne ke kai man cikin huhu. Mun kwana can, har yanzu numfashinta da ƙara.

Abin da ya fi ƙona min rai, da 'yan uwansa suka zo dubiya ya ce musu ni ce ban kula da 'ya. Hajiya ta ce motar nan ita ta ciyar da gidan, ba za ta fita ba sai da ƙafarta. Jiya na ga ya sake cika butar, ya ɗaura mata jan ƙyalle wai alama. 'Yar da ko magana ba ta iya ba, ina ta san alama?

Mamata da ke unguwar Ouidi ta ce in kawo yarinyar har ya gama, shi kuma ya ce in na kai ta na tona masa asiri a dangi. Ban yaye ta ba, kai ta yana nufin ni ma na tafi. Ku gaya min, in ɗauke ta mu tafi ko bai yarda ba, ko akwai wanda zan kai wa ƙara da zai ji maganarsa?