Ƙanƙara a Kwandon Goyo

Koper, 4 ga Disamba, 1988

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Gwaggo Cilka. Yaya gwiwar? Ka ce ta warke, amma na san halinka, ko guntulewa ta yi cewa za ka yi ɗan ƙaiƙayi ne. Maigidana Nevio yana gaishe ka, yara kuma suna ta tambayar kakansu.

Maganar hutun makaranta na ƙarshen Janairu ce ta sa na ɗauki biro. Metka ta cika shida, Rok yana da huɗu, kuma har yau a bakin tekun nan ba su taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a talabijin. Ƙungiyar ma'aikatan tashar jirgin ruwa, inda Nevio yake aiki, tana da gidan hutu a Bovec, to bana sunanmu ya fito. Mako guda cif. A saman dutsen Kanin da ke kusa da garin akwai makarantar koyon zamiya a kan ƙanƙara: malama mai takardar shaida, yara takwas a aji, awa biyu kowace safiya, kuma keken igiya ne yake kai mutum sama, babu wahalar hawa. Na aro musu katakon zamiya a wajen maƙwabciyata, na saƙa musu huluna, ja da shuɗiya. Nevio ma wai zai shiga ajin manya, mutumin da santsin banɗaki kaɗai yake kai shi ƙasa.

A hanyar dawowa za mu biyo ta gida mu yini da ku. Don Allah kada ka yi fushi, Baba.

'Yarka,
Breda

*

Podvrh, 11 ga Disamba

Zuwa ga 'yata Breda,

Bayan gaisuwa da sa albarka gare ki da mutanen gidanki. Gwiwa lafiya lau take, ta ce in gaishe ki.

Fushi kuma? Ni? Ko kaɗan. Na karanta wasiƙarki sau uku, sannan na ninke ta na sa a ƙarƙashin ƙafar teburin nan mai rawa, kuma ta yi amfani ƙwarai.

Malama mai takarda! Rabin ƙauyen nan a tsakanin ƙafafuna suka koyi zamiya, a tudun bayan gidanmu, har da Fadan cocinmu na yanzu, kuma ban ji wanda ya nemi in nuna masa takarda ba. Keke ya ɗauki yaro ya ajiye a saman dutse kamar buhun dankali, a ina zai san ƙanƙara? Ko kin manta taken tudu? Da ta sauko sai a fito, babba da yaro, kowa ya ɗaura katakonsa, mu jera kafaɗa da kafaɗa mu juya wa tudun gefe, mu hau shi taku ɗaya-ɗaya muna danne ta. Ba a magana. Ba ka jin komai sai ƙurus, ƙurus, da numfashin na kusa da kai. Kafin a kai saman tudu yaro ya riga ya san nauyin ƙafarsa. Mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta, tana can ƙasa wajen rumfar shanya ciyawa da tulun shayi, tana ƙirga hulunan 'ya'yanta.

Kuma ga shi ƙanƙarar ta sauko, Breda. Shekaranjiya da rana ta fara, a hankali, manya-manya kamar an yage matashin kai a sama. Shingen lambu ya nutse. Itacen tuffa ya sunkuya. Ƙauyen ya yi tsit, har ƙararrawar coci ma kamar daga cikin bargo take fitowa. Na hau saman rufi na sauko da ƙananan katakonki da na ɗan'uwanki, na goge su, na shafa musu kakin zuma. Suna jingine a jikin murhu suna jiran ƙafa.

Ki kawo mini jikokina mako gudan nan. Abin da nake roƙo ke nan, kuma kin san ban iya roƙo ba.

Mahaifinki,
Lovro

*

Koper, 20 ga Disamba

Baba,

Ina gaishe ka, ina kuma yi muku barka da Kirsimeti tun kafin ta zo. Ga safa cikin ƙunshin nan, ka sa ta, kada ka ajiye wa baƙi.

Na yi kuskuren karanta wa yara wasiƙarka. Yanzu Metka zanen tuffa mai farin rawani kawai take yi, Rok kuma ya ɗaura murfin kwali a ƙafa yana taka mini katifa gefe-gefe, wai taken tudu. Ni kaina na kwana biyu ina mafarkin gida. Ina ganin hayaƙi yana tashi miƙe daga gidaje, ina jin ƙanshin tuffa a kan murhu, in farka sai in ji ruwan sama yana dukan taga.

Ban manta taken tudu ba. Amma ban manta ɗaya ranar ba, Baba. Ina da shekara goma sha ɗaya, ana saura kwana biyu gasar makarantu, yatsuna sun daskare, ina kuka, kai kuma kana ƙasa kana daka mini tsawa: "Sake! Koma ki sake!" A saukowa ta tara ƙafata ta karye. Tun daga ranar ban sake ɗaura katako ba, kuma ba mu taɓa yin maganar ba, ni da kai. Tsoro nake ji. Ba na so Metka ta ji wannan muryar. Gaskiyar abin da ya sa na nemi malama ke nan.

Wani abu kuma: rediyo yana ta cewa bana babu ƙanƙara ko'ina sai can ƙololuwar duwatsu. Yaya aka yi ku kaɗai kuka samu?

Sai ranar sha shida ga Janairu zan ba ƙungiya amsar ƙarshe. Ina tunani.

Breda

*

Podvrh, 29 ga Disamba

'Yata,

Gaisuwa. Safa ta iso, tana ƙafata yanzu haka.

Mutanen rediyo suna zaune a Ljubljana, iyakar ganinsu tagar ofis. Tudunmu yana kallon arewa, kin sani, rana ba ta cika damunsa ba. Da safe idan na fita shuɗi-shuɗi yake, can anjima ya koma ruwan hoda. Jiya na ga sawun zomo ya ratsa shi daga rumfar ciyawa zuwa bakin daji, na tsaya ina cewa a raina, ga inda Rok zai fara faɗuwa, ga inda Metka za ta waiwayo ta ga ko ana kallonta. Har na ji dariyarsu, sai da na juya.

Ɗaya maganar da kika yi kuwa, na ɗora biro a kanta sau huɗu ya ƙi tafiya. Ki ba ni lokaci.

Allah ya sada mu da alheri a sabuwar shekara.

Mahaifinki

*

Podvrh, 8 ga Janairu, 1989

Breda 'yar gidana,

Ina gaishe ki da kyau, ke da angon naki mai tsoron sanyi da 'yan yara. Kin san ni da rubutu sai dole, to dole ta zo.

Ubanki maƙaryaci ne. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma gaskiya gaskiya ce. Babu ƙanƙara a garin nan ko ta jiƙa harshe. Tudun bayan gida kore shar yake, kajina suna kiwo a kai. Jiya har fure na gani a gindin shinge, a watan Janairu, duniya ta zo ƙarshe.

Bari ki ji abin da yake yi. Kin san kwazazzabon nan na can saman daji, wanda rana ba ta shiga? A nan ne kaɗai 'yar wadda ta zubo a Nuwamba ta rage. To, mutumin nan mai shekara saba'in da huɗu, da gwiwarsa mai kuka kamar tsohuwar ƙofa, kullum gari na wayewa sai ya goya kwandon ɗibar ciyawa ya hau. Awa ɗaya hawa, awa ɗaya saukowa. Ya ciko shi da ƙanƙara, ya juye a inuwar rumfar ciyawa, ya ɗaura katako ya tattake ta shi kaɗai, ya rufe da garin katako da rassan itace. Sawu biyu a rana, wani lokacin uku. Yau kwana ashirin da bakwai. Wai haka suka yi wa filin tsallen zamiya tun suna samari, shekarar da ƙanƙara ta ƙi zuwa. Na ce, "Lovro, lokacin nan ku arba'in ne, kuma kowa da haƙoransa!" Ya ce, "Cilka, je ki duba miyarki." Na ce, "Idan ka faɗi a dajin nan wa zai ɗauko ka?" Ya ce, "Ai da kwandona, sai ki goyo ni." Kin ji fa. Kunnen ƙashi gare shi tun yana yaro.

Ya shimfiɗa ta kamar taku talatin, faɗinta bai wuce na keken shanu ba. Mutane suna wucewa suna gaishe shi, ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ranar Alhamis na same shi zaune a kan kututture, kwandon yana bayansa bai ko sauke ba, ruwa yana bin rigarsa, leɓensa ya yi shuɗi. Na yi masa magana bai ji ni ba. Yana kallon 'yar farar shimfiɗar nan yana murmushi, kamar akwai mutane a kai. Na koma ɗaki na yi kukana.

Ban ce ki zo ba, ban ce kada ki zo ba. Na san abin da ya yi miki, ina wajen aka ɗauko ki. Amma ki yanke ɗaya da wuri, kafin dutsen nan ya cinye mini ɗan'uwa. Kada ki ce ni na faɗa miki.

Gwaggonki,
Cilka

*

Podvrh, 11 ga Janairu

Zuwa ga 'yata Breda,

Bayan gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙarya na yi miki. Tun Nuwamba ƙanƙara ba ta sauko ba, ko sau ɗaya. Shingen da ya nutse, tuffar da ta sunkuya, sawun zomo, duk na shekarun baya ne na kwaso na rubuta miki. Ina rubutawa ina ganinsu, har na kan manta ƙarya nake yi. Na ɗan tara wata daga kwazazzabo, ina cewa kafin ku zo ta sama za ta sauko ta rufa mini asiri. Sai ga iskar kudu shekaranjiya, da ɗuminta da yayyafinta. Yini ɗaya ta lashe aikin wata guda. Na tsaya ina kallo tana bin ciyawa tana gangarewa. Abin da ya rage a ƙarƙashin rassan bai fi bargon gado ba.

Saboda haka ki ba ƙungiya amsa. Ki kai su wajen malamar. A can akwai ƙanƙara ta gaske, kuma na tabbata ita ba ta tsawa.

Yanzu ɗaya maganar. Ranar nan na ga kina kuka tun a saukowa ta biyar. Na gani sarai. Na ce a raina, sau ɗaya kawai ta ƙara, don ban taɓa ganin yaron da ƙanƙara take so kamarki ba, kuma ina so duk kwarin nan su gani su ce 'yar Lovro ce. Don kaina na yi, ba don ke ba. Da na goyo ki zuwa gida kina cewa, "Baba, yi haƙuri," ni ya kamata in faɗa, ban faɗa ba. Shekara ashirin da uku ke nan ina bin bayan kalmar. Ki yafe mini, Breda. So na yi in samu yara biyu a tudun nan in koya musu a hankali, ko da sau ɗaya, ki tsaya a ƙasa ki ga na iya. Ban samu ba, kuma ba laifin kowa ba ne.

Ki sumbaci yaran. Idan kun biyo a hanyar dawowa, akwai tsiran alade da tuffa.

Mahaifinki,
Lovro

*

Koper, 15 ga Janairu

Baba,

Gaisuwa. Wasiƙarka ta iso, na karanta a tsaye, sai da na nemi kujera.

Na bar wa wasu gidan Bovec. Na faɗa wa yara gaskiya, cewa ƙanƙarar Kaka kaɗan ce, kuma a bayansa ya goyo ta. Sai na shimfiɗa bargon gadonmu a ƙasa, na ɗaura wa Rok katakonsa muka auna. Taku bakwai ne gefe-gefe. Na Metka biyar. Ya ishe su farawa.

Na yafe, Baba. Sauran sai mun haɗu, ba na takarda ba ne.

Muna tafe ranar Asabar a motar ƙarfe sha ɗaya. Kada ka sake hawa kwazazzabon nan, ko sawu ɗaya. Ka ɗauki kujera ka zauna, ka tsare mana bargon nan daga rana har mu iso.

'Yarka,
Breda