Yaya Sabi'u Bai Iya Iyo Ba

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ladabi. Ya ƙafar Baba? Mu nan Makka lafiya lau, karatu ma alhamdu lillahi. Na turo wannan ta wayar ƙanwata Rumasa'u ta karanta miki, don in na kira, Yaya Sabi'u yana jin mu.

Inna, Yaya ya samu aiki a Jidda, kullum yana zuwa ya dawo, yana gyaran injin wani tsohon jirgin ruwa mai gudu. Yana canza tiyon baƙin mai, sai ya fashe masa a hannu, man ya ƙona shi, amma ƙunar da sauƙi.

Sai dai a al'adar masu jiragen, wanda ya gyara inji da shi ake fita teku gwaji, kuma ranar Asabar ne. Kin san Yaya ko rafin garinmu bai taɓa shiga ba. Ya ɓoye wa mai jirgin cewa bai iya iyo ba, wai kada a sallame shi. Da na yi magana ya ce, "Ke Suhaila, ji da littafinki."

Don Allah ki kira shi kafin Asabar, maganarki kaɗai yake ji. Amma kada ki ce ni na faɗa.

Allah ya ƙara girma.

'Yarki,
Suhaila